Baƙon Babana a Gulbin Gagare

Kwanan baya na tsaya a kan gadar Ƙaura ina kallon tifofi suna ɗibar yashi a tsakiyar Gagare, a wurin da a da, in damina ta yi nisa, ko gwangwalar tuƙa jirgi ba ta taɓa ƙasa. Wani direba ya shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa yana barci a cikin gulbin, hankalinsa kwance. Ban ji haushin direban ba. Wanda ya faɗo mini a rai wani mutum ne da na yi rabin rayuwata ina jin zafinsa, alhali bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni. Ƙauyenmu yana bakin Gagare, tsakanin Ƙaura da Moriki, kuma ruwa ne yake raba mana shekara. Ruwan farko yakan sauko ja wur, da kumfa da karan dawar bara a kansa, sai tsofaffi su ce gulbi yana wanke gidansa, kada kowa ya shiga. In ya lafa, kifi ya fara haurowa daga can ƙasa, inda Gagare ke haɗuwa da Bunsuru bayan Shinkafi, sai a fito da jirage a shimfiɗa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi rututu da ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa. Da kaka ruwa yakan ja baya, mu tare bakin fadama. Da bazara kuwa gulbi ya yanke, sai gurabe masu zurfi nan da can, waɗanda ba mai taɓawa sai Sarkin Ruwa ya sa ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. Ranar nan mutane kan zo daga Zurmi da Dauran da Sakajiki, kowa da homarsa ta kamun kifi da goransa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar goruna suna karo da juna a kan ruwa, da kiɗa daga gaɓa, da guɗar mata, da gurnanin kifin ƙurungu in an jefa shi cikin gora. Gari duka warin banda yake yi, har tufafin Juma'a. Yaran yanzu kifin da suka sani shi ne wanda aka kiwata a rami da abincin buhu, ko na kwali mai ƙanƙara, wanda ba wanda ya san sunan ruwan da ya fito.

Babana ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ɗan farinsa ne. A wurinmu, musamman a zamaninsu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina yaron ga?" In muna jirgi sai ya ce, "Kai." Haka har na yi aure na haihu. Ƙannena yana kiransu da sunayensu, har ya tsokane su. Ni sana'a ma daga bayansa na koye ta. Ina tsaye a gindin jirgi da gwangwala, shi yana gaba, ina kallon kafaɗarsa: in ta karkata hagu na yi hagu, in ya ɗaga tafin hannu na tsaya. Ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, domin haka na ga ana yi a kowane gida. Ina zaton haka Allah ya yi shi, mutum mai zurfin ciki, wanda maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu.

Sai aka yanka mana jiha, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da kayansu a bayan motoci. A cikinsu akwai wani mai awon hanya da aka turo wajenmu da na'urarsa mai ƙafa uku. Kowa Safiyo yake ce masa, sunan aikinsa ya danne na yanka. Sa'ana ne, in ma ya girme ni to da kaɗan. Wata rana da la'asar ya gangaro bakin ruwa da takalminsa sau ciki, ya tsaya yana kallon Baba yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi. Daga baya ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko zai yarda ya kai shi kamun kifi ranar Asabar.

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai ɗan birni, mi kaka so da kihi? Ga shi can cike da kasuwa."

Safiyo ya ce, "Ba kifin nake so ba, Baba. Zaman nake so."

Baba ya yi dariya. Ina riƙe da gora a gefe, sai da na waiga in ga ko wani ne ya yi ta.

Ranar Asabar ya zo da wata sandar fatsa ta ƙarfe mai naɗe zarenta da kanta, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Yinin nan bai kama komai ba sai 'yar karfasa da ba ta kai tafin hannu ba, amma ya koma Gusau kamar wanda aka ba sarauta. Mako ya zagayo ya dawo. Kafin kaka ta wuce ya fara kawo abokansa na ofis, da rediyonsu da akwatin ƙanƙara, wani lokaci har da kwalaben da suke ɓoyewa a ƙarƙashin tawul. Baba ya zama jagoransu. Shi yake zaɓa musu wuri gwargwadon lokaci: yau gindin giyayya inda ramboshi ke kwanciya, wani makon a ɗora jirgi a bayan a-kori-kura a tafi Bunsuru ta wajen Zurmi, in ruwa ya ja sosai a gangara Shinkafi. Ba zan yi butulci ba, gidanmu ya amfana. A lokacin ne muka sauke jinka muka ɗora kwano. Amma ni aikina bai canza ba, ina nan a gindin jirgi da gwangwala. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai mutum a tsakanina da bayan Babana.

Kuma Baba ya buɗe baki. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Mutumin da na ɗauka Allah bai ba shi magana ba, ashe tana nan jibge, mai karɓa take jira. Safiyo yana tambaya yana amsawa. Ya nuna masa yadda ake gane inda kifi yake daga launin ruwa, da abin da kumfa ƙanana ke nufi, da dalilin da ya sa ba a taka wani yashi mai sheƙi. Duk waɗannan na san su, amma ni da idona na tsince su, shekara da shekaru, har da marin gwangwala a ƙafa in na yi kuskure. Shi an ba shi a baki, da murmushi. Daga nan hira ta wuce kifi. A jirgin nan na fara jin cewa Babana ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Ƙaura da kwandunan banda har Ikko, aka sace masa hula a tasha. A nan na ji yadda ya fara ganin Inna, ranar su, tana sayar da fura a gaɓa, ya sha ƙwarya bayan ƙwarya har cikinsa ya hana shi komawa ruwa. Labarin uwata ne, amma sai da na miƙa wuya na saci ji, iska tana kwashe rabinsa. Kuma kowace magana da sunan take farawa: "Safiyo, duba nan." "Safiyo, sassauta zare." "Safiyo, ka ci abinci?"

Na taɓa kai ƙorafi wurin matata, a kaikaice, na ce mutumin nan ya cika zuwa. Tana tsinke kan tarwaɗa ba ta ko ɗago ba, ta ce, "An ce kishi kumallon mata, ashe maza ma suna tashi da shi." Na fita na bar mata gidan. Inna kuwa da ta lura da fuskata, cewa ta yi, "Baƙo raɓa na, bari rana ta hito." Ta kuma gaya mini cewa Safiyo maraya ne, tun yana goye ubansa ya rasu. Na so in ji tausayinsa, na kasa. Na ce a raina, shi ya rasa uba ya samu, ni da nawa a raye me na samu?

Da aka ƙaddamar da Shari'a abubuwa da yawa suka sauya a bakin gulbi. Abokan Safiyo masu tawul suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ranar su ta zo babu kiɗa, mata suka tsaya a gida, furar da Sarkin Ruwa kan zuba wa gurbi kafin a shiga aka bar ta, liman ya yi addu'a aka shafa. Wasu tsofaffi sun yi gunaguni a ɓoye, wasu sun ce dama can abin yana damunsu. Baba kuwa ya shafa addu'a ya ɗauki homarsa. Ni kuwa farin cikina daban ne: na zaci tunda ayarin ya watse, Safiyo ma zai bi su. Asabar ta zo, sai ga shi shi kaɗai, ya bar gemu ya ɗage wando, da sandarsa a kafaɗa. Ranar ce ya tambayi Baba abin da ake faɗa wa gurbi a da, kafin a shiga. Baba ya ce wannan ya wuce, amma tunda ba za a ƙara yi ba, gara wani ya ji kada ya ɓace. Ya sunkuya kusa da kunnensa ya karanta masa kirarin ruwan, wanda ya karɓa daga ubansa, ubansa daga nasa uban. Ni ne ya kamata in karɓa. Ina tsaye a bayansu, ban ji ko kalma ɗaya ba, sai motsin haɓarsa nake gani.

Abin da ya faru a daminar da ta biyo baya shi ne wanda ban taɓa mantawa ba. An kwana biyu ana ruwa a kudu, gulbi ya kawo har ya taɓa gonaki. Baba ya ce ba ranar fita ba ce, Safiyo ya yi ta roƙo, ya ce ya yi tafiya mai nisa, ko gefe-gefe ne a bi. Ni ina na isa in roƙi Baba abu sau biyu? Shi ya roƙa, aka kwance jirgi. Muka bi gefe har gindin wata babbar giyayya da ruwa ya ci rabinta. Ba a jima ba zaren Safiyo ya miƙe, sandar ta lanƙwashe kamar baka. Babban ramboshi ne, na ga bayansa baƙi ƙirin ya juya sau ɗaya. Baba ya ce, "Zamna, Safiyo, kak ka tashi." Amma murna ta ɗebe shi, ya miƙe tsaye. Kifin ya ja mu zuwa tsakiya, ni kuma na kafa gwangwala ban sami ƙasa ba. Sai ga wani kututture da ruwa ya ɗauko ya bugi cikin jirgin, muka kife.

Ɗan masunci ba ya tsoron kifewar jirgi. Na nutse na yunƙuro zan taso, sai na ji an riƙe ni a ƙauri. Mamarin wasu ne da ruwa ya tsinke ya naɗe a rassan da ke ƙasa. Ƙugiya ɗaya ta shige mini cikin nama, wasu suka kama wandona, ruwa kuma yana ja na yana ƙara ɗaure ni. Na buɗe ido ban ga komai ba sai ja. Ƙirjina ya fara zafi, kunnuwana suna ƙara. Abin da na tuna a lokacin, wallahi, ba matata ba ce, ba 'ya'yana ba ne. Jira nake in ji hannun Babana a wuyan rigata. Da na ga hannu bai zo ba, na lalubo wuƙar da ke damtsena, na yi ta yankan igiya a makance har na ji ƙafata ta saku. Ruwa ya tafi da ni, ya watsa ni cikin ƙayar gumbi can ƙasa, a kwanar gulbi. Na daɗe a nan ina amai.

Da ƙarfi ya dawo mini na biyo gaɓa ina ɗingishi, igiya tana jan ƙasa a bayana. Na iske su a kan yashi. Safiyo yana kwance a kife, Baba ya durƙusa a kansa yana danna masa baya, ruwa yana fita ta bakinsa. Baba ya ɗago ya gan ni. Ya dube ni daga fuska har ƙafar da ke zubar da jini, ya mai da kansa ƙasa, ya ce, "Jirgin hwa?"

Na ce, "Ya tafi."

Ya ce, "A bi shi."

Na juya na bi jirgi. Hankali ya gaya mini Baba ya yi daidai: baƙo bai iya iyo ba, ni na iya, kuma bai san mamari ya kama ni ba. Kowane masunci haka zai yi. Amma zuciya ba ta zuwa makarantar hankali. Da yamma shi da kansa ya cire mini ƙugiyar, ya tura ta gaba har bakinta ya ɓullo ya karye shi, ya ɗaure wurin da tsumma. Abin da ya ce kawai shi ne, "Riƙe nan." Safiyo kuwa an lulluɓe shi da bargon Baba, an dama masa kunu, kowa yana yi masa barka.

Bayan wannan Safiyo bai daina zuwa ba, sai dai ya daina miƙewa a jirgi. Ya yi mini kirki iyakar kirki. Shi ya kai babban ɗana makaranta a Gusau ya riƙe shi a gidansa. Ina karɓa ina godiya, amma a baki kawai. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, Safiyo yana bakin gadonsa, suna hira ƙasa-ƙasa, ni ina bakin ƙofa kamar yadda ya dace da ɗan fari. Ya rasu bai ce mini komai ba face in kula da ƙannena, kuma ko wannan ta bakin Inna ya aiko.

Daga baya gulbi ya cike da yashi, daji ya lalace, masu bindiga suka hana mutane kwana a bakin ruwa. Muka baro ƙauye muka dawo cikin Ƙaura, ina sayar da kifin da ban san wanda ya kama shi ba. Bara na ji labarin Safiyo ba shi da lafiya, ya bar aiki, ƙafafu sun kumbura. Na sayi banda mai kyau na shiga mota na tafi Gusau. Na iske shi a zaure a kan kujera, ya tsufa fiye da ni. Muka gaisa, muka yi ta ambaton wuraren da babu su yanzu. Shi ya kawo zancen ranar da muka kife.

Ya ce, "Ka san ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Ba tsoron ruwan ba. Bayan Baba ya jawo ni gaɓa ya waiga bai gan ka ba, sai ya sake ni ya koma cikin ruwa har wuya yana kiran sunanka."

Na ce, "Sunana?"

Ya ce, "Sunanka na yanka. Ya yi ta kira, yana nutsewa yana tasowa yana kira, har muryarsa ta tsage. Sai da ya hango ka can ƙasa ka kama gumbi kana motsi, sannan ya fito ya dawo kaina. Ai na ɗauka ka ji."

Ban ji ba. Ina ƙarƙashin ruwa da ƙugiya a ƙafa, daga baya kuma ina can cikin ƙaya ina amai, ƙugin gulbi ya cika mini kunne. Kwandon bandar yana kan cinyata. Na san abin da ya kamata in ji shi ne sanyi a rai, kuma na ɗan ji. Amma abin da ya taso ya danne shi tsohon abin nan ne. Sau ɗaya tak a duniya Babana ya buɗe baki ya kira ni da sunana, shi ma wannan a kunnen Safiyo ya faɗa.

Na ce, "Yaya ya faɗe shi?"

Ya dube ni bai gane ba.

Na ce, "Yadda ya kira. Ja ya yi ko yankewa? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Safiyo ya gyara zama, ya rufe ido, ya yi gyaran murya, ya kira sunana. Muryarsa ce ta fito, muryar tsohon ma'aikaci mai ciwon ƙafa. Ya sake gwadawa da ƙarfi, har jikarsa ta leƙo daga cikin gida. Sai ya girgiza kai, ya ce, "A'a, ba haka ba ne. Ina jin sa a kaina sarai, amma ba ya fitowa."

Na ajiye masa bandar a gefen kujera, na yi masa fatan sauƙi, na fito neman motar Ƙaura. Shi yana can zaune da muryar Babana a cikin kansa, yana jin ta duk lokacin da ya ga dama.